Wata Biyu a Gana Neman Ingilishi

Tun da na dawo daga Gana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk fadar masu shayi da na zauna a Dakoro sai wani ya ce, "Lawali, ya ƙasar Ingilishi?" Na ba da labarin a bakin tasha, na ba da shi a gidan suna, na ba mai aski yana riƙe da aska a wuyana. Kowane lokaci kuma sai an samu mai gyara mini, alhali bai taɓa wuce Konni ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da shayina.

Ga wanda bai san ni ba, shekara goma sha huɗu ina zaune a teburin karɓar baƙi na gidan saukar Hajiya Rabi. Ɗaki goma sha biyu ne. Baƙinmu ma'aikatan furoje ne, wato ayyukan ƙungiyoyin agaji, na lafiya da na dabbobi da na rijiyoyi, sai jefi-jefi masu wucewa kallon namun daji a Gadabeji. Da can duk wanda ya sauka Faransanci yake yi, ni kuma na yi lekol, bokonmu na Faransanci, har kolej, ba na jin tsoron kowa. Daga baya baƙin suka sauya. Sai ga 'yan Kenya, ga 'yan Indiya, ga 'yan Gana, kowa da Ingilishi a baki. Ni kuwa abin da na sani a Ingilishi bai wuce barka da zuwa, da ka kwana lafiya, da "yes" ba.

Wannan "yes" ita ta kai ni Gana. Wani likita ɗan Indiya ya sauka wurinmu, ranar farko ya tsaya gaban tebur ya yi mini dogon bayani yana nuna cikinsa. Na ce yes. Na fahimci yunwa yake ji, na sa aka kai masa balangu. Kashegari kilishi. Rana ta uku na ga yana ramewa, na sa aka yanka masa zabuwa. Rana ta huɗu, ana loda kayansa a mota, direbansa ya gaya mini mutumin tun da aka haife shi bai taɓa cin nama ba, kwana uku da burodi da shayi ya rayu. Furojensu ya kwashe baƙinsa duka ya kai wani gida.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta kira ni tsakar gida ta ce, "Lawali, kai ɗan gida ne, ba ni korar ka. Amma ɗan ƙanwata na nan Katsina, Ingilishi a bakinshi kamar ruwa. In ba ka iyawa, shi ya zamna tebur, kai ka koma ƙofa ka taya maigadi."

Shekarata arba'in da huɗu, 'ya'yana biyar, kowa a gari ya san ni da riga mai guga da biro a aljihu. Na ce, "Hajiya, a ba ni lokaci."

Ana cikin haka wata ƙungiya mai tallafa wa masu aikin baƙi ta ba da gurbin karatun wata biyu a Gana. Hajiya ta sa sunana. Sharaɗinta ɗaya ne: "Ka dawo da takarda mai tambari. Ba ni son labari."

Matata Zainabu ta haɗa mini kaya kamar mai tafiya yaƙi: garin fura, dabino, cuku ƙulli biyu, da bargo, don wani ya gaya mata bakin teku akwai sanyi. Na ɗauki ƙaramar bas hiyas zuwa Maradi, daga can na shiga kar, babbar bas mai zuwa Kwatano. A lokacin gadar Gaya, iyakarmu da Benin, a buɗe take.

A Galmi wani dattijo ya shigo ya zauna kusa da ni, warin albasa ya riga shi isowa. Alhaji Illa ke nan, ya ce shekara talatin yana kai albasa Ankara, babban birnin Gana. Da ya ji abin da zan je yi sai ya dube ni da tausayi.

"Wata biyu don Ingilishi? Ni kalma goma sha ɗaya na sani, da su na aurar da ɗiya shida."

Na ce, "Alhaji, in ba su gane ba fa?"

"Sai ka ɗaga murya. Ingilishi ba wuya gare shi ba, ƙarfi yake so."

A gadar Gaya aka ce kowa ya fito da katin shaida da karne, wato ɗan littafin allurar rigakafi. Katina yana aljihu. Karnen kuwa Zainabu ta adana shi wuri mai kyau, wato cikin bargo, cikin jaka, a ƙasan kar, bayan buhun albasar Alhaji goma sha biyar. Direba ya dube ni, ya cire rigarsa. Awa guda muna sauke albasa a rana. Fasinja suka zauna a inuwa suna ba da shawara. Wata mata ta tambayi ta kusa da ita aikin me nake yi, aka ce mata karatu zan je, ta ce, "Da gani."

Benin ruwa ake yi, ko'ina kore, doya jibge a bakin hanya kamar itacen girki. A Kwatano muka sauya mota. Tsakanin can da Lome na fara ganin teku. Na tashi tsaye a mota har kaina ya bugi rufi. Alhaji Illa ko juyawa bai yi ba, ya ce, "Zamna. Ruwa ne, kuma ba a sha."

Tun daga Dosso nake haddace jimlar da zan faɗa a iyakar Gana: ni ɗalibi ne, zan yi wata biyu. Na maimaita ta fiye da yadda na maimaita kowace sura a makarantar allo. Da layi ya zo kaina, na tarar da wata jami'a ƙatuwa mai gilashi, ta karɓi takarduna ta jefo mini tambaya da sauri. Jimlata ta tashi kamar tsuntsu. Bakina ya koma ga abin da ya saba shekara goma sha huɗu, na ce mata da Ingilishi, "Barka da zuwa, madam. Kin kwana lafiya?"

Ta sauke gilashin ta dube ni. Ta kira abokin aikinta ta sa na maimaita. Suka yi dariya har ta share hawaye. Sannan ta duba katina ta ce da Hausa, "Massa, kai ne ya zo, ni yana nan tun safe. Ina ka ke tafi?"

A zangon Ankara ta girma. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Ta buga tambari ta ce in gaida Nijar. Haka na shiga ƙasar Ingilishi da Hausa.

A Ankara muka rabu da Alhaji Illa, ya ba ni albasa uku. Ni na wuce Kef Kos, garin da makarantar take, a bakin teku. An saukar da ni gidan wani tsohon ma'aikacin gidan waya, Mista Mensa, mai shekara kusan tamanin, kunnensa ɗaya ya yi ritaya tare da shi. Tambayarsa ta farko ita ce wace rana aka haife ni. Na ce Juma'a. Ya ce to sunana Kofi. Na so in gaya masa mu ma muna da Ɗanjuma, amma kalmomin ba su isa ba, sai na zama Kofi wata biyu.

Na ba shi cuku ƙulli ɗaya tsaraba, irin namu busasshe mai faɗi kamar ɗan faifai. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya sosai. Bayan kwana biyu na shiga falo na tarar ya jera su a kan tebur, kowane da kofin shayi a kansa. Ya ce suna hana tebur ɓaci, aikin hannun mutanenmu yana da kyau. Ban gyara masa ba. Har na taho suna nan suna aiki.

Abokin ɗakina Kuwame ne, ɗan Abijan, mai kai abinci a wani babban otel. Kirista ne, amma shi ya nemo mini alƙibla da salularsa, ya ja layi da alli a ƙasa. Mutum ne mai fara'a, laifinsa ɗaya, yana waƙa lokacin wanka.

Abinci kuwa, akwai wani tuwon masara da ake kira kenke, a naɗe cikin ganye, mai tsami kamar an yi masa laifi. Ana ci da soyayyen kifi da barkono. Na ci, na rayu. Akwai fufu, wanda ba a taunawa. Ranar farko da na tauna, duk teburin ya yi shiru kamar na zagi wani. Ranar da aka kawo miya na sa hannu na ciro ƙaguwa sukutum da ƙafafunta, na mayar da ita a hankali na ce na ƙoshi. Bargon Zainabu tun daga gadar Gaya ban sake warware shi ba sai ranar da na rataya shi a tagar ɗaki don tare rana.

Asabar ta farko na ji kiɗa a layinmu, rumfuna, kujeru, mata da maza cikin ja da baƙi suna rawa, ana rabon abinci. Na tsaya na ce wa wani mutum Allah ya sanya alheri, da iyakar Ingilishin da nake da shi na taya shi murna. Mahaifinsa ne ya rasu. Wata biyu ke nan gawar tana asibiti cikin sanyi, ana jiran 'yan'uwa su taru. Ga hoton mamacin nan ƙato a bango yana murmushi, ni na ɗauka ango ne. Da na gaya wa Mista Mensa cewa a wurinmu wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar an rufe shi, sai ya dafe ƙirji.

"Da wannan sauri? Kuna tsoron ya fasa ne?"

Makarantar bene ce ƙarama a bayan kasuwa. Mu goma sha takwas ne, duk daga ƙasashen Faransanci, masu otel da masu ja-gora da direbobi. Malamarmu Madam Efuwa, gajeriya, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin wanda ya so ta maimaita magana ba. Dokarta ta farko: duk wanda aka ji da Faransanci zai tsaya gaban aji ya yi waƙa da Ingilishi. Ya tuna mini da sambol na lekol, ƙashin da ake rataya wa yaron da ya yi Hausa. Na gwammace ƙashin. Kuwame kuwa da gangan yake karya dokar.

Ashe harshen rabin karatun ne. Sauran rabin shi ne yadda ake tsayuwa gaban baƙo. Ta ce a dubi baƙo cikin ido. Na ce a wurinmu wanda ya zuba wa babba ido ba shi da tarbiyya. Ta ce to wurin wasu wanda ya sunkuyar da kai ɓarawo ne, wurin wasu kuma, kamar 'yan Japan, sunkuyawar ita ce daidai, aikina shi ne in gane wa ke gabana. Ta ce kada a tambayi baƙo matarsa ko 'ya'yansa ko shekarunsa. Na ce to me za a tambaye shi? Ta ce yanayin gari. Na ce a Dakoro wannan tambayar amsarta ɗaya ce wata tara. Ta ce addini da siyasa da duk maganar da ke da zafi, in baƙo ya ɗauko, a yi murmushi a juya zance. Babbar doka kuma, ta rubuta ta a allo ta ja layi biyu: in ba ka gane ba, kada ka ce yes. Na ji kamar Hajiya ta yi mata waya.

Muna yin wasan kwaikwayo. Wata rana Kuwame ya fito a baƙon da ruwa ya ɗauke masa yana cikin wanka, ya zo tebur yana ihu da tawul. Na dube shi cikin ido na ce ya yi haƙuri.

Madam ta ce, "Ba a ce wa baƙo ya yi haƙuri. Ka ba shi uzuri, ka gaya masa lokacin da ruwa zai dawo."

Na ce, "Madam, a garinmu Allah kaɗai ya san wannan."

"To ka ce minti goma, ka je ka ɗauko bokiti."

Wannan darasi na amfana da shi fiye da duk nahawun da aka koya mana.

Inda na kusa hallaka kaina shi ne zango. Juma'ar farko na nemi masallaci, aka nuna mini unguwar Hausawa. Ina shiga na ji sallama da "sannu da zuwa", ga koko da ƙosai, ga tuwo, ga wani mutumin Tawa yana gasa tsire. Na ji kamar an cire mini ƙaya. Daga ranar, ana tashi aji sai zango. Mako uku ina ba da labarin Dakoro da Hausa tsantsa, har ana ajiye mini benci.

Aka yi jarrabawar tsakiya, na zo na goma sha bakwai. Na goma sha takwas zazzaɓi ya kwantar da shi, bai zo ba.

Madam ta tsayar da ni bayan aji. Ta yi magana a hankali don in gane, kuma na gane duka, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta ce ta san inda nake yini. Ta ce ba ta sa hannu a takardar wanda zai je ya kunyata ta gaban baƙi, ko daga ina ya zo. Na fito na zauna a matakala. Abin da na gani a idona shi ne kujerar roba ta maigadi a ƙofar Hajiya, da 'ya'yana suna wucewa lekol suna gaishe ni a can.

Na daina zuwa zango sai Juma'a. Na roƙi Mista Mensa ya taimake ni, ya ce dama idonsa ya gaji, in riƙa karanta masa jarida kowace la'asar. Da yake ba ya ji sosai, dole in buɗe baki in fitar da kowace kalma da ƙarfi, maƙwabta suna sauraren labarin ƙwallo ta taga. In na yi kuskure sai ya buga sanda a ƙasa. In na karanta abin da bai yi masa daɗi ba game da gwamnati, nan ma ya buga, sai na rasa laifin wa ne.

Mako na shida aka rarraba mu otel-otel don gwaji. A can na gano Ingilishi ba ɗaya ba ne. Na ɗan Najeriya ina ji, na ɗan Kenya ina ji. Wani ɗan Sin da nasa bai fi nawa ba, mun fahimci juna kamar 'yan uwa ɗaya. Wanda ya gagare ni shi ne wani Bature ɗan Ingila, mai harshen kansa, yana magana kamar da goro a baki. Sau uku ina ce masa ya maimaita. Amma ban ce yes ba.

Jarrabawar ƙarshe da baƙi na gaske ake yi. Kowa a ba shi baƙi rabin yini, Madam tana biye da takarda tana ba da maki: gaisuwa, bayani, kiyaye lokaci. Ni aka ba ni wata tsohuwa baƙar fata 'yar Amurka, Misis Doroti, da 'yarta. Za su je tsohon gidan da Turawa suke tsare bayi kafin a loda su jirgin ruwa. Gidan yana da mai ba da tarihinsa. Nawa aikin mota, ruwan sha, laima, da in dawo da su otel ƙarfe ɗaya daidai don abincin rana.

Da farko komai ya tafi daidai. Na gaishe su, na tambayi yanayin gari, na buɗe ƙofa. Muka shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ban taɓa shiga wuri irinsa ba. Duhu, zafi, kafar iska ɗaya can sama, mai tarihi yana faɗin yawan mutanen da ake cusawa ciki. Da muka fito, tsohuwar ta je gindin bango ta zauna a ƙasa da fararen kayanta. Ba kuka take ba. Ta dai zauna. 'Yarta ta yi ta lallashi, ta ƙi tashi.

Na duba agogo, sha biyu da rabi. Na dubi Madam, tana rubutu. A littafinmu akwai jimlar da ake tunatar da baƙo lokaci cikin ladabi, na haddace ta. Amma a garinmu in ka tarar da tsohuwa zaune a ƙasa haka, ba ka tsaya mata a ka. Na cire takalmi na zauna nesa kaɗan, na riƙe mata laima.

Can ta tambaye ni daga ina nake. Na ce Nijar. Ta juyo sosai. Ta ce ta yi gwajin jini a ƙasarsu, an gaya mata kakanninta daga wajenmu suke, ƙasar Hausa. Sai ta ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ba zan iya cewa ban gane ba:

"Mutanenka ne suka sayar da nawa?"

Ga maganar da aka ce a yi murmushi a juya. Na ji biron Madam ya tsaya.

Na ce mata ban sani ba. Na ce a ƙasarmu akwai waɗanda suka sayar, akwai waɗanda aka sayar, yau kasuwa ɗaya suke ci. Sannan na ji bakina ya ci gaba. Na ce kakar mahaifiyata tana yarinya aka kamo ta daga kudu, aka sayar da ita a musayar raƙumi. Na ce a gidanmu ba a faɗi. Ko matata ban taɓa gaya mata ba.

Gaskiya ne. Da Hausa wannan magana ba ta taɓa fita bakina ba, don kowace kalmarta tana da nauyi, kuma na san wanda zai ji da abin da zai ce ranar neman aure. Ingilishi kuwa bai san kowa a Dakoro ba. Ya fito a karkace, na sa jiya a wurin yau, amma ya fito.

Tsohuwar ta kama hannuna. Ta ce, "Ya sunanta?"

Na ce ban sani ba.

"Ka tambaya. Ni ba ni da wanda zan tambaya."

Muka zauna har ta ce a ɗaga ta. Mun isa otel biyu saura minti goma, abinci ya huce. 'Yarta ta rubuta mini lambarta a bayan tikiti.

Kashegari Madam ta ba ni takardar maki. Kiyaye lokaci, sifiri. Nahawu, rabi. Ta ce na karya dokar juya zance, kuma ta lura. Sannan ta ciro takardar shaida ta sa hannu ta buga tambari, ta ce in na koma in ci gaba da karanta jarida da ƙarfi.

Dawowa ba abin faɗi, sai dai karnen rigakafi yana aljihun gaba. Hajiya ta karɓi takardar ta duba tambarin, ta shafa shi da yatsa ta ga bai goge ba, ta ce a sa a gilashi. Ɗan ƙanwarta yana nan Katsina. Ni ina tebur.

Bayan mako guda na hau kabu-kabu na tafi Birnin Lalle wurin mahaifiyata. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, hirarmu ba ta taɓa yin tsawo ba. Na tarar tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Na gaishe ta, na ajiye tsaraba, na zauna. Sai da na ɓare gyaɗa kusan kwano sannan na ce, "Inna, kakarki, wadda anka kawo daga kudu, mi ne sunanta?"

Hannunta ya tsaya. Ta dubi ƙofar gida, ba kowa.

"Ingilishin da ka tahi koyo ke nan?"

Na gaya mata komai, gidan, da ɗakin, da tsohuwar. Ta ture kwanon gefe. Na ɗauka shi ke nan, har na fara neman takalmina.

Ta ce, "Alheri suka sa mata, da shi kowa ya san ta. Amma ina ƙarama, in tana daka ita kaɗai, nakan ji tana waƙa da wani harshe, tana kiran wani suna. Na tambaye ta wa take kira, ta ce kanta, don kar ta mance. Asabe ko Asibi, haka dai. Ban taɓa gaya ma kowa ba, ba wanda ya tambaya."

Na ciro salula na ce zan aika wa tsohuwar. Ta ce ita wannan mata, a can aka haife ta? Na ce ita da iyayenta da kakanninta, tun zamanin jiragen.

Inna ta jawo kwanon ta ci gaba da ɓara.

"To ka gaishe ta," in ji ta. "Ka ce mata ya gajiyar hanya."